Shekarar da Maruru Ya Daina Jin Allura

Shekaranjiya da hantsi ina zaune bakin tashar Dogon Dutsi ina kallon ɗayanku, ku masu tallar magani, yana ciniki. Wata mata ta zo ta ce ɗanta na da maruru a ƙeya. Saurayin nan ko kai bai ɗaga ba. Ya zura hannu cikin faranti, ya ɓallo ƙwaya biyu masu jan kai, ya miƙa mata, ya koma kan wayarsa. Da ta wuce na ce masa, "Ɗana, biyu kawai?" Ya ce, "Baba, iya kuɗinta ke nan. Ai aikin nan fasil ne." Na rayu ƙarƙashin Faransawa har na yi gemu, ban taɓa jin ɗayansu ya kira aikin magani fasil ba, sai a bakin jikokinmu. To, tunda mai sauƙi ne, ku matso ku ji yadda sauƙin nan ya kusa cinye hannun mutum a gabana.

Sunana Tankari, kuma da goro na fara. Ina sayo huhu a ƙasar Ingilishi, wajen Birnin Kabi, in ɗora wa jaki, in bi kasuwanni: Tibiri, Kore Mairuwa, Dogon Dutsi, wani lokaci har Dogon Kiriya idan jakin ya yarda da yashi. A goro na koyi abin da na ɗauka shi ne dukan ilimin ciniki, wato gyara. Mutum ya sayi goro goma, ka ɗora masa ɗan ƙarami a kai, ko ɓari guda, don gobe ya wuce rumfa uku ya zo taka. A Arewa, wato ƙasarmu ta Dogon Dutsi, mai goron da ba ya gyara, ko sallamarsa ba a amsawa da daɗi.

Akwai wani tsohon soja a Dogon Dutsi ana ce masa Kafaran Namata. A yaƙin Turawa ba bindiga ya riƙe ba, miki ya wanke a asibitin soja, ya dawo gida da ɗingishi da wani akwatin ƙarfe da ba ya bari kowa ya taɓa. Farin goro yake saye wurina. Ran nan ya ja ni gefe ya nuna mini wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa ba, da farin gari a gindinta da murfin roba. Ya ce sunanta fanisilin. Can ƙasar Ingilishi ana samun ta a kanti, nan kuwa sai gidan likita, kuma idan 'yan duwan, masu tsaron iyaka, suka kama ka da ita, za ka fasa wa kwamanda, Baturen mulki, dutse har hannunka ya yi kanta. Ya ce, "Ganyen huhunka na da sanyi, kuma ba ɗan duwan da ke kwance huhu har gindi." Haka na shiga sana'ar nan, ta ƙarƙashin goro.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wasa allura. Ku yanzu kuna yage leda ku ciro sabuwa, ku soka, ku jefar. Mu allura shida gare mu, kuma su ne dai shidan har shekara ta zagayo. Akwai ɗan dutsen washi, ka ɗiga masa man gyaɗa, ka kwantar da bakin allura ka ja shi gefe ɗaya, ba gaba da baya ba. Idan ka gama ka ratsa ta cikin auduga. Ta fito da zare ko ɗaya, bakinta ya lanƙwashe ke nan, ka sake. Sai ka zura siririyar waya ka buɗe mata hanci. Sirinji kuwa na gilashi ne, mace da namiji, kuma idan namijin ya fashe macen ta zama bazawara har abada, don ba ta karɓar na wani. Dukansu a gwangwanin sardin ake dafa su. Kafaran ba shi da agogo, ga yadda yake auna lokaci: ruwa ya tafasa, ka jefa goro guda a baki, sai ka cinye shi tas kafin ka sauke. Ranar da na haɗiye goron da sauri don mutane na jira, ya ba ni wani ya ce in sake daga farko.

Wata uku na yi ina yi wa cinyar akuya allura a rumfar mahauta kafin ya bar ni in taɓa ɗan Adam. Mahauta suka sa mini suna likitan matattu, suna cewa duk akuyar da na duba ba ta sake yin ƙorafi. A nan na koyi raba ɗuwawu gida huɗu in ɗauki na sama ta waje, da jan sirinji baya kaɗan in ga ko jini ya biyo. Dokokinsa uku ne. Kwalba ɗaya, mutum ɗaya. Safe da yamma har kwana biyar, ko da mutum ya tashi yana rawa a rana ta biyu. Allurar da ta shiga jikin wani ba ta shiga na wani sai ta koma gwangwani. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Haka na ga ana yi." Soja ne, ba a gaya masa dalili ba, shi ma bai gaya mini ba. Da ya rasu na gaji akwatin da dokokin, ban gaji dalili ba. Doka kuwa idan ba ta zo da dalilinta ba, ba ta daɗewa a hannun ɗan kasuwa.

Mutum na farko da na yi wa aiki ni kaɗai wani Bafulatani ne da aka kawo a kan takarkari, ciwon haƙarƙari ya kayar da shi, numfashi sama sama. 'Yan'uwansa har sun fara tambayar inda ake sayar da farin ƙyalle. Na kai shi bayan zanar da na kafa a bayan rumfar goro, na yi masa. Rana ta uku ya tashi zaune ya ce wa ya sha masa fura. Ba za ku gane abin da allurar nan take yi a shekarun farko ba. Tunjeren da ya ci mutum shekara biyar, ta share shi. Masu ciwon sanyi kuwa, manyan mutane da rawani, sai su tsaya suna juya goro, su rage murya su ce, "Irin na bayan zana nake so."

Masu saye kuma kowa da nasa karatu. Mai ciwon kai yana so a soka masa a goshi, don me za a yi wa ɗuwawu magani alhali shi lafiyarsa lau? Wanda bai ji zafi ba ya ce ruwa na ɗura masa, don haka na ware allura ɗaya mai kauri saboda irinsu. Wata tsohuwa ta zo a yi mata a madadin mijinta, wai shi yana jin tsoro, kuma ai jikinsu ɗaya. 'Yan kokawa na zuwa kafin a shiga fili. Bafulatanin da na tayar ya dawo da saniya. Duk wannan na iya da shi. Kwana biyar ɗin Kafaran ne na kasa riƙewa. Mutum ya zo daga ƙauye, allura ta farko ta sauke masa masassara, ka ce ya dawo sau tara? Sai ya dube ka kamar ɓarawo. Kwana biyar suka koma biyu, biyu suka koma allura ɗaya da fatan alheri.

Wanda ya fara neman gyara a allura taubashina ne, Arzika, maƙerin Kore Mairuwa. Ɗan gwaggona ne, don haka tun muna yara ni ina kiran sa bawana, shi ma yana kira na bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Ƙato ne, hannunsa ɗaya ya yi nawa biyu. Tari ya dame shi, na je har maƙera na yi masa. Yana ɗaure wando ya hangi kwalbar ya ce, "Wancan da ya rage ga gindi fa?"

Na ce, "Ɗigo ne, bai kai komi ba."

Ya ce, "To shi ne gyarana. Ko don kana ganin ni bawanka ne za ka yi mini cinikin Bature? Kuluwa! Taho, bayanki da kike kuka da shi, ga gyara."

Matarsa ta zo, na ƙara ruwa a kwalbar na girgiza, na yi mata da allurar da na cire daga jikinsa. Ban mai da ta gwangwani ba. Wa zai hura gawayi ya ci goro guda a kan gyara?

Kafin wata biyu duk Arewa ta ji cewa Tankari na gyara. Ba mai zuwa shi kaɗai kuma. Kowa da ɗan rakiyar da zai karɓi gyara: mata, ƙane, maƙwabci, wani ma surukinsa ya kawo don a shirya. Wasu masu allura biyu da suka fito bayana suka rasa mutane, ni kuwa na sayar da jaki na sayi keke. Na riƙa ganin Kafaran mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma bai san kasuwa ba. A unguwar maƙera ta Kore Mairuwa, inda nake sauka, babu wanda bai sha gyara ba sau biyar ko shida, da mai ciwo da mai lafiya.

Shekarar da abin ya juya, 'yan shekaru kaɗan kafin Faransawa su tafi, bazara ta yi zafi ƙwarai. Maruru dama abokin bazara ne, kuma a da allura ɗaya ke kwantar da shi. A shekarar nan sai ya daina ji. Ka yi wa mutum yau, gobe ya dawo da shi ya ƙara girma, jibi ya haifi 'ya'ya a hammata. Wasu ma daidai inda na soka allurar yake fitowa, ya yi tauri, ya yi ja, mutum ya kasa zama. A unguwar maƙera ya fi yawa. Na fara zargin mai kantin da ke sayar mini, na taka keke har ƙasar Ingilishi na yi masa tijara. Ya rantse kayansa ba su canza ba, kuma da gaskiyarsa, don kwalbar nan ɗaya tana nan tana kashe tunjere, tana tayar da mai haƙarƙari. Maruru kaɗai ya kurumce. Masu bori suka ce Doguwa ce ta ratsa unguwar. Wanzamai, da na ƙwace wa aikin sakiya shekara da shekaru, suka fara gaishe ni da fara'a mai yawa. A kasuwa ana cewa allurar Tankari ta tsufa.

Cikin haka tartsatsi ya faɗa wa Arzika a manuniyar hannun dama. Maƙeri da ƙuna ba baƙin juna ba ne, ya tofa yawu ya ci gaba. Kwana uku yatsan ya zama karkare. Na yi masa kwalba guda cur, ba ragi. Na sake da yamma. Na dawo da dokar Kafaran da kaina, safe da yamma, har kwalba takwas. Kumburin ya bar yatsa ya shiga tafin hannu, bayan hannun ya tashi kamar an hura salka, wani jan layi ya kama hanyar gwiwar hannu, kaluluwa ta fito a hammata. Mutumin da ke ɗaga uwar maƙera shi kaɗai ya kwanta yana rawar ɗari da tsakar rana. A ƙofar maƙera kuwa ga tulin sungumi da hauya na ƙauyuka huɗu, kowa ya kawo nasa kafin ruwan shuka, kuma ba wani maƙeri babba a gidan sai shi.

Da safen kwana na biyar na buɗe akwati, na dubi kwalbar, na mai da ita. Gwaggo, uwarsa, tana zaune bakin ƙofa ta ce, "Mi kake jira?"

Na ce, "Gwaggo, kayana ba su da amfani a kan wannan ciwo. Ko ɗari na yi masa banza ne. Dogon Dutsi za mu, gidan likita."

Tun da na fara ciniki ban taɓa kushe kayana da bakina ba sai ran nan. Arzika ya buɗe ido ya ce, "Can yanke hannu sukai. Kuma in sunka tambayi wanda ya yi mini allura, kai ka sani dutse za ka fasa."

Na ce, "Bawa ba shi da shawara. Tashi."

Muka samu wata babbar mota da ta fito daga kudu, muka ɗora shi kan buhuna, kafin azahar muna Dogon Dutsi. Babban ma'aikacin gidan likita, wanda ake kira Majo, mutumin Dahome ne, gajere, mai tabarau, Hausarsa tana mai da mace namiji amma ana ganewa. A bakin ƙofa ga gardi, ɗan sandan kwamanda, zaune da jar hula da bulala a cinya. Majo ya kwance tsumman da aka ɗaure hannun da shi, ya danna nan ya danna can, ya bi jan layin da yatsa. Ya ce, "An yi maka pikir?"

Arzika ya ce, "Allura? Ranka shi daɗe, ni ko ta ɗinki ba ta taɓa kusantar jikina ba."

Majo ya ce, "To da kyau. Zan buɗe hannu, in fara maka fanisilin, mu ga kwana uku. Akwai wani magani a kabad, kaɗan ne, ba na taɓa shi sai wanda fanisilin ta ƙi."

Na dubi jan layin. Da safe yana ƙasa da gwiwar hannu, yanzu ya haye ta. Hannun nan ba shi da kwana uku na bayarwa. Na ce, "Ranka shi daɗe, an yi masa. Kwalba takwas cikin kwana huɗu. Kafin nan ma ya sha ta ba adadi."

"Wa ya yi?"

"Ni."

Arzika ya ce, "Ƙarya shikai, ranka shi daɗe, mai goro ne, zafin rana ya taɓa shi."

Na buɗe akwatin na ajiye a kan tebur. Majo ya ɗauki allura ɗaya ya duba bakinta a haske, ya ratsa ta cikin auduga, ta fito ba zare. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi gardi, ya tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Ya ce, "Riƙe mini kafaɗarsa."

Ya tsaga tafin hannun wuri biyu. Mugunyar da ta fito ta cika ƙaramin kwano. Ya sa 'yar roba a cikin kowace tsaga don kada ta rufe, ya ce allura ko ta gari ce ba ta shiga ɗakin mugunya, sai an buɗe mata ƙofa, wanzamai ba wawaye ba ne. Manuniyar kuwa ta riga ta yi baƙi har ƙashi, ya cire ta. Sannan ya buɗe kabad da mabuɗin da ke wuyansa ya fito da wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, ya ce sau huɗu a yini, kwana goma, ba tsallake. Ya ɗaura masa su da lokutan salla don kada ya manta. Arzika, wanda a da sai ranar idi ake ganinsa a sahu, ya koma yana gyara wa ladan lokaci.

Da aka kwantar da shi Majo ya kira ni ɗakinsa. Ya shafa ɗan mugunyar a gilashi, ya ɗiga mata shuni, ya sa a ƙarƙashin madubin likita ya ce in leƙa. Na ga wasu 'yan ƙwallaye a cure, kamar tsabar dawa a zangarniya. Ya ce su ne maruru, masu rai ne, suna haihuwa. Ya ce in gaya masa yadda nake aiki, kada in rage komi. Da na zo kan gyara ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya cire tabarau ya zauna ya yi dariya har da hawaye. "Gyara? A pikir?" Da ya gama ya share ido, fuskarsa ta koma ta aiki.

Ya ce cikin abubuwan nan akwai ragwaye, akwai 'yan kaɗan da ke iya cinye fanisilin kamar tuwo. Duk lokacin da na ɗiga wa mutum ita ba bisa ƙa'ida ba, ko na yi wa mai lafiya, ragwayen nake kashewa, in bar wa masu taurin gida da abinci su hayayyafa. Sannan allurar da ban dafa ba ta ɗauke su daga wannan jiki ta kai wancan, kyauta.

Na ce, "Wato kamar 'yan tauri. A riƙa ba mutum magani kaɗan kaɗan har wuƙa ta daina kama shi."

Ya ce, "Kusan haka. Sai dai su ba koyo suke ba, zaɓe kake yi musu. Kai ne ka tara 'yan taurin unguwa guda ka ba su gari."

Ya ce kada in ɗauka ni kaɗai ne gwani, a manyan birane ma, har ƙasar Turawa, likitoci masu takarda suna kuka da wannan maruru. Ya nuna kabad ya ce waɗannan masu ruwan ɗorawa ma ranarsu na zuwa idan suka faɗa hannun irina. Akwatina kuwa ya sa shi ƙarƙashin tebur ya ce in dawo bayan girbi, kuma idan ya sake jin kalmar gyara daga Tibiri har Dogon Kiriya, da kansa zai raka ni wurin kwamanda.

Abin da ya faɗa kan ƙwayoyin nan ya tabbata a idona. Bayan wasu shekaru suka cika kasuwa, ana ɓare su ana barbaɗawa a gyambo, ana jefa wa kaji a ruwa, maruru ya daina jin su. Aka kawo wasu, aka ce waɗannan kam an gama da shi, su ma na ga ranar da suka gaji. Ina jin yanzu akwai irin da sai an kai mutum babban asibiti an gwada magani uku ko huɗu kafin a sami mai kama shi. Shi ya sa bayan na karɓi akwatina na zama ɗan kasuwa mai ban haushi. Maruru ya nuna, in tura ka a buɗe shi. Ba za ka iya kwana biyar ba, ba na farawa. Na rasa mutane da yawa, waɗanda suka rage kuwa sun kawo mini 'ya'yansu da jikokinsu. Ku da kuke ɓallo biyu daga cikin goma don iya kuɗin mutum ke nan, gyarana kuke yi, sai dai ku har biyan ku ake.

Kwana goma sha biyu muka yi a Dogon Dutsi. Jan layin ya koma, kumburi ya sace, Arzika ya fara zagin abincin gari, muka san ya warke. Majo ya rataye masa hannun a wuya da ƙyalle ya ce kada ya ɗaga ko ludayi sai bayan wata guda. Muka koma Kore Mairuwa muka tarar da tulin ƙarfe ya ƙaru, masu shi na zaune a inuwa suna duban gabas. Ina shirin ɗaukar kekena Gwaggo ta riƙe sirdin. Ta ce, "Ina za ka? Kai ka ɓata hannun, kai za ka zama hannun."

Haka na zauna gaban uwar maƙera, awartaki a hagu, masaba a dama, ni da ban taɓa ɗaga abin da ya fi huhun goro wuya ba. Arzika na gefe yana zuga da hannun hagu da gwiwa, bakinsa kuwa lafiya lau. "Bai yi ja ba, mai da shi. Yanzu ya ƙone, Allah shi isa. Bugi baki, bawa, ba gindi ba! Wanga sungumi ko cokali?" Rana ta biyu tafina ya yi ruwa ya fashe, ya ce ko in yi wa kaina allura. Manoma na karɓar kayansu suna juyawa, suna dubana, suna godiya a hankali irin ta gidan makoki. Wani ya ce sunguminsa na haƙa rami a gonar maƙwabci idan ya sara a tasa. Amma dai ƙarfe na raguwa, mutane na tafiya da abin shuka, karkatacce ko miƙaƙƙe.

Ranar da wata ya cika, da hantsi, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Arzika ya kwance ƙyallen daga wuyansa ya ajiye. Hannun ya rame, da tabo biyu a tafi da gurbi inda manuniya take. Ya ce, "Ba ni masaba."

Gwaggo da Kuluwa suka fito suka tsaya bakin ƙofa. Ya ciro ƙarfe daga wuta, ya ɗaga, ya buga. Masabar ta kuɓuce ta tashi sama ta faɗa kan tulun ruwa ta fasa shi. Ba wanda ya yi dariya, ko ni. Ya je ya ɗauko ta, ya daɗe yana duban ƙotar. Sai ya ɗauki wuƙa ya zauna yana fere ta, yana gwadawa a tafi, yana ƙara ferewa, har ta zauna daidai yatsu huɗu. Ya mai da ƙarfen wuta, na zuga masa, ya yi ja. Ya buga. Ya sake bugawa. A bugu na biyar ƙarar ta koma irin wadda duk Kore Mairuwa ta sani, har wata mata daga bayan danga ta rangaɗa guɗa.

Bai ɗaga kai ba ya ce, "Zuga da kyau, bawa. Wata guda ina kallon ka kana yi wa ƙarfe allura."

Kafin ruwa ya sauko da la'asar ya miƙar da sungumi tara cikin waɗanda na karkata aka dawo da su. Na goman ya hana a taɓa shi. Ya rataye shi a ƙofar maƙera, ya ce duk wanda ya tambaye shi inda yatsansa ya tafi, zai nuna masa sauran aikin mutumin.